Ƙara Biyu

Ni mai faci ne a Tudun Jukun,
rumfata na jingine da bangon tsohon sito.
Shekara ashirin ina bin sawun iska
tana sulalewa daga taya,
shi ya sa kunnena ya fi idona gani.

Jazuli ya fara zuwa da damina,
ɗan shekara sha biyu, diddige duk faso,
ƙwallo a hammata, ta yi laushi kamar gwanda.
Na liƙe, na hura, na miƙa hannu.
Ya ce bashi.
Ya ce koci ya ajiye shi a benci,
wai ƙafarsa katako ce,
duk abin da ya faɗo mata sai ya yi tsalle.

Washegari, ana sallame asuba,
na ji dum a bayan rumfa,
sai kuma ɓas.
Dum na bango ne.
Ɓas na ƙafa ne,
sa'ad da ta kori abin da aka ba ta ajiya.
Bayan kowace ɓas sai gudu:
ƙwallo ta faɗa kwata,
ta shige ƙarƙashin baro,
ta tarwatsa kajin Inna Ladidi.

Bangon nan ba shi da kirki.
Siminti ya ɓare a wuri uku.
Ka ba shi a miƙe, ya maido a karkace,
ka ba shi a ƙasa, ya tofo maka a gwiwa.
Sai dai bai taɓa cewa ya gaji ba,
kuma ba shi da bakin dariya.

Yaron ya ja da'ira a ƙasa da tsinke,
faɗinta bai kai na tayar babur ba.
Doka ɗaya ce: ƙwallo ta kwanta a ciki.
In ta fita, lissafi ya koma farko.
Ranar ya tashi a huɗu.
Ya harbi bango da haushi, ya tafi yana ɗingishi.

Ni ban taɓa buga ƙwallo ba,
amma wata safiya na leƙo da shayina na ce:
je ka kalli babarka tana bakace.
Tsaba na saukowa, faifai na sauka da ita,
ba ya tsayawa su yi karo.
Ya dube ni kamar na sha wani abu.
Kwana uku bayan haka
na ga ƙafar tana ja da baya kaɗan,
kamar mai ba baƙo hanya a bakin zaure.

Hagu ta fi jaki taurin kai.
Ya hana dama aiki mako biyu,
ya ba cinya rabonta, ya ba ƙirji,
har rigar makaranta ta yi tambarin laka,
aka zane shi a gida, ya dawo da la'asar.
Goma sha bakwai. Talatin.
Ran da ya kai hamsin ba wanda ya gani
sai ni da ƙadangaren kan bango.

Sau goma sha ɗaya na yi wa ƙwallon nan faci.
Bashin na rubuce da alli a jikin ƙyaure.

Ban san ko koci ya sa shi a wasan Asabar ba,
ba na barin rumfa in je fili.
Abin da na sani, jiya da asuba
ina tsoma tub a ruwa, ina neman inda ke kumfa,
na ji dum,
na dakata ina jiran ta biyu.
Dum.
Dum.
Tsakaninsu ba komai,
sai kukan jirgin ƙasa can nesa a Sabon Gari.

Na ɗauki tsumma na goge ƙyauren.